Ba a Taɓa Komai Ba

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An haifa min jika. Mace. Bari in sake rubutawa in ga yadda yake a takarda: an haifa min jika.

Wannan littafin naki ne. Na saye shi a hanyar dawowa daga asibiti, mai jan bango, shafi ɗari biyu. In kin girma ki karanta, ki san kakanki ya iya rubutu, ko da yake sai da ya shekara arba'in da shida sannan ya zauna a bencin makarantar yamma yana koyon riƙe fensir.

Kin zo da hannu a dunƙule. Na yi na yi in buɗe shi da ɗan yatsana, kin ƙi. Kakarki ta ce, "Gado ne, ga mai shi nan a tsaye." Nas ɗin ta yi dariya, ba ta san da gaske take ba. Ni dai na sa miki Dunƙule.

Ina bakin aiki labari ya same ni. A dandalin kaya nake aiki, inda manyan motoci ke shigowa a auna su a sikeli, a ba su takardar fita. Da dako na fara, shekara ashirin da shida ke nan. Yanzu ni ke kula da wayoyin ɗakin sanyi, inda babbar kwamfutar da muke kira Giwa take. Babanki shi ne injiniyan layukan kwamfuta a wurin. Injiniya nake ce masa, kamar kowa.

Lokacin da salulata ta yi ƙara ina durƙushe a bayan suwic, akwatin da duk layukan dandali ke haɗuwa a cikinsa. Na zare ɗaya daga wayoyin Giwa guda biyu ina warware ta daga wata igiyar wuta da ta naɗe ta. Ba laifi ba ne. Babanki da kansa ya koya min cewa an ɗaure su biyun su zama ɗaya, in ka cire guda ɗayar za ta riƙe. Da na ji muryar kakarki sai tabarau ɗina ya yi hazo. Na laluba na mayar da wayar a rami, fitila ta kawo kore, na manna mata sitika kamar yadda nake wa duk wayar da ta bi ta hannuna. Kwanan wata kawai nake sawa, amma yau na ƙara: ranar jikata. A rajistar ɗaki na rubuta, "An share. Ba a taɓa komai ba." Na fita har na manta hulata.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Kilo uku da ɗigo biyu. Na faɗa wa Sajan mai gadin ƙofa, na faɗa wa mai shayi, na faɗa wa wani direban da ban taɓa gani ba.

An kira babanki daga asibiti tun jiya da azahar. Wai takardun fita suna maƙalewa.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na kai wa Injiniya abinci ofis. Idonsa ja, rigar shekaranjiya ce a jikinsa. Na ce ya yi min bayani da Hausar 'yan dako, ya yi murmushi ya ture kwanon gefe.

Ya ce a cikin Giwa akwai ƙananan kwamfutoci arba'in da ba su da jiki, duk a cikinta suke zaune. Ɗaya ta sikeli ce, ɗaya ta ƙofar fita, ɗaya ta ofis, haka dai. Duk ta wayoyin nan biyu suke magana da waje. Don kada saƙonni su cakuɗe, kowane saƙo da lambar da ake liƙa masa, kamar yadda muke liƙa wa mota lamba a gilashi. Ta ƙofa arba'in, ta sikeli sittin. Ramin suwic kuma sai an koya masa lambobin da zai bari su wuce. Wanda ba a koya wa ba, zubar da saƙon yake yi, ba ya ko gaya wa kowa.

"To ina matsalar?" na ce.

"Rabin saƙonnin ɓacewa suke yi, Baba. Yau ƙofa ta yi aiki, sikeli ya mutu. In na sake kunna su, sikeli ya tashi, ƙofa ta kwanta. Kuma in na duba ta wajen Giwa, wayoyin biyu duk suna cewa lafiyarsu lau."

Ran Lahadi ya ƙara lambar sabon sikeli a tsarin, shi ya sa kowa ke kallon aikinsa. Ya cire ta, ya mayar, ya sake cirewa, ba abin da ya canza.

Ina tattara kwanuka ya ce, "Ba wanda ya taɓa wani abu a ɗakin, ko?"

Na ce, "Ka duba rajista."

"Na duba. Rubutunka ne. Shi ya sa ban ɓata lokaci a can ba."

Na ji daɗin maganar nan har na faɗa wa kakarki.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Layin motoci ya kai gada. Kin yi atishawa sau biyu a hannuna.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Da hannu ake rubuta takardar fita yanzu. Inda ake sallamar mota ɗari uku a yini, yau talatin da ɗaya aka sallama.

Injiniya ya nemi a bar shi ya kashe wayar Giwa ɗaya, ya ga abin da ɗayar za ta yi ita kaɗai. Manaja ya buga tebur. Ya ce rabin da ke aiki ma so ake a kashe masa? Ba mai taɓa komai sai 'yan kwangilar da ke kula da suwic sun zo. Su kuma 'yan kwangila daga nesa suka leƙa suka ce akwatinsu ƙalau yake, sai mako mai zuwa za su sami mutumin turowa. Manaja ya karɓe katin shiga na kowa. Ɗakin sanyi yanzu sai da rakiyar Sajan.

Wajen ƙarfe uku aka jefo dutsen farko daga cikin direbobin da ke layi. A goshin Sajan ya sauka, sama da gira. Jini ya rufe masa ido yana lalubar ƙyauren ƙofa. Ni na danne masa wurin da hulata, wadda na samo jiya a bayan suwic. Ya ce, "Baba Waya, shekara goma sha biyu ina soja ba a fasa min kai ba, sai a gadin tirela."

Na ga wanda ya jefa. Hannuna ya yi ƙaiƙayi irin na da.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ina riƙe da ke a tsakar gida, mamanki tana shanya. Kina barci, bakinki yana motsi.

Sai kawai maganar babanki ta dawo min: ramin da ba a koya wa ba.

Bakwai da takwas ne ramukan wayoyin Giwa, ina ji. Ko bakwai da tara. A ranar ban duba lamba ba. Amma fitila ta kawo kore. Shekara goma sha ɗaya ina aikin waya, kore na nufin lafiya.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Kore ce. Da idona na gani.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na ce zan duba na'urar sanyaya ɗaki, Sajan ya raka ni da bandejinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona. Na zagaya bayan suwic kamar mai neman ƙura.

Wayar tana rami na ashirin da ɗaya. Sitikata tana jikinta. Rubutuna ya yi kyau ƙwarai, na daɗe ban yi mai kyau haka ba.

Takwas babu komai, tara babu komai, goma babu komai. Na miƙa hannu na janye. In na sa ta inda ba nan ba, sauran rabin ma ya mutu fa? Ga kyamara a saman kaina, ga Sajan.

Wataƙila ma ba ita ba ce. Babanki ya yi jami'a, 'yan kwangila sun yi jami'a. Da waya ɗaya ce da tuni sun gane.

"Ka gama?" in ji Sajan.

Na ce na gama.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Direbobi sun ƙona tayoyi a bakin ƙofa. Hayaƙi baƙi ƙirin har cikin ofis. Ga warin kifi, don motocin sanyi sun ƙare da mai, kayan ciki sun fara narkewa suna zuba ta ƙarƙashin ƙofofi. Ƙudaje kamar an yi odarsu.

Akwai wani direba da suke kira Dogo, mai motar kifi. Shi ya fasa kan Sajan. Kwanansa takwas a layi. Yau ya hau kan bonet yana ihu a fito musu da wanda ya kashe na'ura. Manaja ya tura a kira shugabanninsu uku ofis don a lallashe su. Mai shayi ya ce min ya ji da kunnensa Manaja yana cewa, "Injiniyanmu ne ya yi wani gyara ran Lahadi, muna bincikarsa."

Na iske Injiniya a matakala. Na buɗe baki. Ya riga ni, ya nuna min hotonki a salula, kina hamma. Ya ce, "Kwana uku rabona da in ɗauke ta, Baba. Hancin wa ta ɗauko?"

Na ce nawa.

Gobe zan gaya masa. Yau ya gaji.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku na rana

A kan bencin asibiti nake rubutu. Hawa na biyu aka haife ki. Babanki yana hawa na ɗaya.

Da tsakar rana ya fita zuwa ɗakin sikeli da kwamfutarsa a hannu, zai gwada layin daga can. Tsakanin ofis da sikeli taku sittin ne, ta gefen shinge. Sun riga sun yanke shingen, ba mu sani ba. Ina tagar sito na hango. Wani ya nuna shi da yatsa. Suka zubo ta ɓarakar kamar an ɓalle famfo.

Bai gudu ba. Ya ɗaga hannu ɗaya yana magana, irin yadda yake yi tun yana yaro in zai yi bayani. Wani ya fizge kwamfutar ya maka ta da ƙasa. Wani ya shaƙe shi ta baya. Dogo ya zo da sifanar taya. Na ga ta tashi, na ga ta sauka a gefen kansa na hagu. Ƙarar ta iso inda nake, ko kuma ni na ji ta a cikin kaina. Ya durƙusa. Suka sa ƙafa.

Ban san yadda na sauko ba. Na san na ɗaga wani na jefar, na san haƙorin wani ya yanke min gwiwar hannu. Na kwanta a kansa, duka yana sauka a bayana, ina jin numfashinsa a wuyana. Sai 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, kowa ya watse yana tari.

Jini yana fita ta kunnensa, siriri, bai tsaya ba har muka iso. A mota ya buɗe ido ya ce, "Kwamfutar fa?" Na ce ya yi shiru.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Fitilar kore ce.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Haƙarƙari biyu, da ƙashin kafaɗa. Kunnen kuma likita ya ce sai kumburi ya sauka za a sani.

Mamanki ta kawo ki ya gan ki. Ba ya iya ɗauka, sai aka kwantar da ke a gefensa na dama. Ta yi kukanta a baranda ta wanke fuska sannan ta shigo.

Manaja ya aiko da takarda har gadon asibiti. An dakatar da shi, zai bayyana gaban kwamiti ran Laraba mai zuwa. Ni na karanta masa, don idonsa ɗaya a rufe yake. Da na san abin da zan riƙa karantawa ke nan, da ban je makarantar yamma ba.

Kakarki ta dube ni a hanya ta ce, "Malam, kwana biyar ba ka cinye abincinka ba. Tun kafin a taɓa yaron nan."

Na ce ciki ne.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Dunƙule, wannan shafin ki tsallake shi.

Kafin in iya rubutu da hannu nake magana. Na taɓa karya wa wani muƙamuƙi a kan layin dako, na yi wata huɗu a tsare, babanki yana goye. Malamar da ta koya mana karatu ita ta ce min hannun da ya riƙe biro ya gama da wancan aikin. Na yarda da ita shekara goma sha biyar.

Yau na ɗauki guntun bututun ƙarfe a sito na sa a hannun riga. 'Yan sanda sun kama mutum tara, ba Dogo a ciki. Na same shi a bayan motarsa shi kaɗai, yana kwashe ruɓaɓɓen kifi da shebur yana zubawa a kwata. Ban yi sallama ba. Na farko a hannun da ya riƙe sifanar, na ji ƙashin ya amsa. Na biyu a gwiwa. Ya faɗi cikin ruwan kifin. Na taka ƙirjinsa na ɗaga na uku, saitin kunnensa na hagu.

Bai roƙe ni ba. Yana haki ya ce, "Kai ne uban? To buga. Kwana goma sha ɗaya ina kallon kayan mutane suna ruɓewa a bayana. Mai motar ya ce in na dawo in ajiye makulli. 'Ya'yana biyar. An ce mana shi ne. In ba shi ba ne, tsoho, nuna min wanda ya yi."

Hannuna yana sama. Ya daɗe a sama.

Na jefa bututun a kwata na tafi. Ban nuna masa kowa ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na miƙa hannu in karɓe ki, kakarki ta juya da ke.

"Ba da wannan hannun ba. Har yanzu warin kifi kake. An ce an kai wani direba ɗori jiya."

Na janye hannun.

"Shekara talatin da biyar ina wanke maka riga, Malam. Na san jinin da aka zuba maka, na san wanda kai ka zubar. Amma ba wannan ke cin ka ba. Mene ne?"

Na ce ba komai.

"To Allah ya sa ba komai ɗin ya bar ka ka yi barci."

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ban ɗauke ki ba yau ma. Kina ɗaki, ina jin ki.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Giwa ta tashi. Mota ɗari biyu da tamanin suka fita kafin la'asar.

Mutumin 'yan kwangila ya iso da safe, ya ce ba zai iya komai ba sai da wanda ya san tsarin. Babanki ya sa hannu ya sallami kansa daga asibiti, ya zo da hannu a rataye. A gaban Manaja suka kashe wayar Giwa ta biyu, abin da ya roƙa tun kwana goma. Nan take komai ya dawo, ƙofa da sikeli da ofis. Minti huɗu. Sajan ne ya ba ni labari, ni ina sito, ban fito ba. Ya ce daga nan Injiniya ya zagaya bayan suwic shi kaɗai yana bin wayar da hannu, ya daɗe a can, har ɗan kwangilar ya tambaya ko jiri ne ya ɗebe shi.

Ɗazu babanki ya shigo ɗakina ya rufe ƙofa. Ya zauna a bakin gado da ƙyar. Ya ciro wani abu daga aljihu ya ɗora min a gwiwa. Sitikar ce, ta naɗe a gefe. 3 ga wata, ranar jikata.

"Takwas ne, Baba," ya ce. "Ashirin da ɗaya ramin firinta ne. Ba ya wuce da lamba ko ɗaya."

Na ce, "Ta kawo kore."

"Kore na nufin waya ta shiga rami, shi ke nan. Ita ma Giwa fitilar take kallo, shi ya sa ta yi ta zuba saƙo a ciki." Ya ɗago ya dube ni. "Yaushe ka sani?"

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na ce, "Asabar ta farko na yi zato. Litinin na gani."

Na ga yana lissafi. Litinin, Talata, Laraba. Ya shafa bandejin kunnensa.

"Na gaya musu ni na matsar da ita ran Lahadi na manta," ya ce. "Haka zan maimaita wa kwamiti. Ni zan sami wani aikin. Kai in suka ji, ba aiki kaɗai ba ne, mutanen waje za su ji. Ka ƙona wannan."

Na ce, "Wa zai ɗauki injiniyan da ya manta ramin wayarsa kwana goma sha huɗu?"

"Baba, don Allah. Kaina yana ciwo."

Ya tashi ya fita. Bai ja ƙofar da ƙarfi ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na kunna ashana uku. Sitikar tana nan.

Na gaya wa kakarki. Ta tashi ta ɗauko farar rigata ta fara guga.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe uku na rana

Kwamitin mutum huɗu ne, da Manaja a gefe. Babanki yana tsaye ya fara, "Ranar Lahadi na," sai na turo ƙofa. Sajan bai hana ni ba. Rajistar ɗakin sanyi tana hammatata, littafinki yana hannuna.

Manaja ya ce, "Baba Waya, ba a kira ka ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, karatu na zo yi. Ban daɗe da koya ba, a yi haƙuri da ni."

Babanki ya ce, "Baba, fita." Bai taɓa ce min haka ba tun da aka haife shi.

Na buɗe shafin farko na karanta musu tun daga an haifa min jika. Wata mata a cikinsu ta yi murmushi a wurin dunƙulen hannu, daga baya ta daina. Na karanta na Litinin 10 ga wata. Na karanta na Laraba 12, na sha ruwan wani na ci gaba. Na Juma'a ma na karanta, wanda na ce ki tsallake. Sannan na ɗora sitikar a tebur, na buɗe rajista a 3 ga wata. Na roƙi biro. A gabansu na ja layi ɗaya a kan "Ba a taɓa komai ba," yadda Malama ta koya mana, a soke amma a bar shi yana karantuwa. A ƙasa na rubuta: "Na cire wayar Giwa ta biyu daga rami na takwas, na sa ta a ashirin da ɗaya. Na sani tun 10 ga wata, ban faɗa ba." Na sa hannu.

Shugaban kwamitin ya juya ga Manaja ya tambaye shi ranar da Injiniya ya fara neman a kashe waya ɗaya, da kuma wanda ya gaya wa direbobi sunan mai laifi. Wannan ba nawa ba ne, na bar su da shi.

An ɗage dakatarwar babanki. Ni an ce in ajiye makullan sito, kuma maganar Juma'a za a miƙa ta inda ya dace. Na ce daidai ne.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na je na kwashe kayana: tabarau na biyu, abin yanka waya, sauran sitika rabin kwali. Motar kifin tana nan a gefen shinge, ba mai tuƙa ta. Dogo yana zaune a inuwarta, hannu a ɗaure, ƙafa a miƙe. Sajan ya riƙe min riga, na ce ya sake ni.

Na tsaya a gabansa na ce, "Ka ce in nuna maka wanda ya yi. Ga shi."

Ya dube ni sama da ƙasa. Na gaya masa duka, da ramin, da ranar. Wasu direbobi suka matso. Na cire tabarau na sa a aljihu, na sa hannuwana a baya.

Ya tashi da ƙyar, ya dafa mota. Da hannun hagu ya mare ni, duk ƙarfinsa, har na ji gishiri a bakina. Na tsaya. Ya sake ɗagawa, sai ya tofar da yawu a ƙasa ya koma ya zauna.

"Yaron fa?" ya ce. "Kunnen?"

Na ce ba a sani ba tukuna.

Ya rufe fuska da hannun mai lafiya. Na bar shi a haka.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An sani yanzu. Likita ya ce na hagun ya tafi.

Ran Litinin zan je ofishin 'yan sanda, ni da Dogo duka an kira mu. Kakarki ta sake goge farar rigar.

Kwana uku babanki bai yi min magana ba, gaisuwa kawai. Ɗazu yana zaune a tsakar gida kina kan cinyarsa, kin cika kwana goma sha tara. Na ɗauko kujera na zauna kusa da shi. Na daɗe ina shirya maganar, na faɗe ta a hankali don kada mamanki ta ji daga kicin. Na faɗi duk abin da ya kamata in faɗa a matakala ran Talatar nan. Na gama na jira.

Bai juyo ba. Yana wasa da yatsun ƙafarki.

Can ya ɗago ya gan ni, ya ga bakina. Ya ce, "Magana kake yi, Baba? Zagayo ta dama. Nan ba na ji."

Na ɗauki kujerar na zagaya. Ya miƙo min ke da hannunsa mai lafiya, ya ce in riƙe masa, kin yi nauyi. Kakarki tana bakin ƙofa, ba ta hana ba. Hannunki a dunƙule yake har yanzu, ban yi ƙoƙarin buɗe shi ba.

Na sake farawa daga farko.